Taron Anaca na 1890: Yadda Aka Shafa wa Bishop Crowther Kashin Kaji

A watan Agusta na 1890 wani ƙaramin kwamiti ya zauna a Anaca, a bakin Kogin Kwara. Sunansa kwamitin kuɗi, amma ba lissafi ne ya tara su ba. Mai shugabantar zaman tsoho ne Bayarabe mai kimanin shekara 80, Bishop Samuel Ajayi Crowther, wanda ya shekara 33 yana jagorancin aikin bishara a wannan kogi. Kusa da shi akwai ɗansa Dandeson, babban fasto mai kula da ikilisiyoyin yankin Delta. Sauran kujerun na samarin Turawa ne daga Ingila, wasunsu 'yan watanni ke nan da sauka daga jirgi. Ɗaya daga cikinsu, Graham Wilmot Brooke, shekararsa 25. Kafin a watse, an dakatar da fastocin da bishop ya naɗa da hannunsa, an dakatar da ɗansa a gaban idonsa, shi kuma ya ajiye kujerarsa a kwamitin. Wata 16 bayan haka aka binne shi a Legas.

Na ɗauko wannan lamari ne saboda idan muna wa'azin ƙarfin hali a majami'a, hankalinmu kan tafi wurin Daniyel a ramin zakoki, ko Istifanus da ake jifa, wato tsanani daga waɗanda ba su yarda da mu ba. Ba mu cika taɓa wanda ya fi ciwo ba: ɗan'uwanka a cikin Almasihu, wanda kuke cin Jibin Ubangiji tare, ya rubuta rahoto a kanka, a karanta a inda ba ka nan, a yarda. Abin da ya sami Crowther ke nan, kuma labarin ya ratsa ta Lakwaja da Bida, har ya taɓo harshen da nake rubutu da shi.

Wanda ake magana a kansa

An haifi Ajayi wajen 1809 a Osogun, ƙasar Yarbawa. A 1821 mahara suka afka wa garin, aka kama shi da mahaifiyarsa, aka raba su, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa jirgin bayi na Turawan Fotugal. A 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin, aka sauke shi a Saliyo. Can aka yi masa baftisma a 1825, can kuma ya zama ɗalibin farko a kwalejin Fourah Bay a 1827. A 1841 ya shigo Kwara tare da J. F. Schön, Bajamushen nan da ya ƙare rayuwarsa yana aikin nahawu da ƙamus na Hausa. A 1843 aka naɗa shi fasto, a 1846 ya sake ganin mahaifiyarsa a Abekuta bayan shekara 25 da rabuwa. A 1857 ya buɗe aikin mishan na Kwara a ƙarƙashin CMS, ƙungiyar mishan ta ɗarikar Angilikan daga Ingila, kuma ma'aikatansa kusan duka baƙar fata ne daga Saliyo. Ranar 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi bishop a babbar majami'ar Kantabari, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan matsayi a ɗarikar Angilikan.

Mutumin da ya tsaya masa shi ne Henry Venn, sakataren CMS a Landan daga 1841 zuwa 1872. Ra'ayin Venn shi ne ikilisiyar da aka dasa ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa bishara da kanta, ɗan mishan kuma ya ɗauki jakarsa ya yi gaba. Amma tun ranar naɗin akwai masu gunaguni. Henry Townsend na Abekuta ya yi ta rubutu cewa bai dace Bature ya yi aiki a ƙarƙashin baƙar fata ba, har aka tsara iyakar aikin Crowther yadda Turawan Legas da Abekuta ba su shiga ƙarƙashinsa ba. Wato an ba shi sanda, an riƙe ƙarshenta.

Tun da laifin da aka ɗora masa daga baya shi ne rauni, ya kamata a san ko matsoraci ne. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya tsare shi da ɗansa a yankin Idah, ya ce sai an biya fam dubu. Crowther ya ƙi yarda a saye shi da kuɗi; wanda aka taɓa sayarwa ya san abin da wannan ke nufi, kuma ya san idan aka biya sau ɗaya, kowane mai bishara a kogin ya zama hajar kasuwa. A wajen kuɓutar da shi, wani jami'in Ingila daga Lakwaja mai suna William Fell ya mutu da kibiya mai dafi. A 1872 kuma ya tsaya a fadar Sarkin Ilori, malamai suna kewaye, aka tambaye shi kai tsaye game da Yesu. Bai kauce ba, bai kuma yi zagi ba. Ya buɗe Bishara ta Luka, ya karanta saƙon da mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryamu, ya bar nassin ya yi magana. Da aka tambaye shi irin addu'ar da Kirista ke yi, ya karanta addu'ar da ake yi wa Sarauniyar Ingila, ya bayyana cewa a kowace ƙasa sunan mai mulkinta ake sawa. Aka rabu da mutunci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasiƙar Etsu Nufe Maliki daga Bida, a tsakiyar shekarun 1880. Ya aika ta ta hannun Fasto Charles Paul, ya ce a kai wa Crowther. Kalmar da ya maimaita har sau uku tamu ce: barasa, barasa, barasa. Ya ce ta lalata ƙasarsa, ta haukata mutanensa, ya roƙi bishop ya kai kuka har gaban Sarauniyar Ingila a hana shigo da ita, ya kuma kira shi uba. Sarki Musulmi, da ya rasa wanda zai amince wa a cikin masu zuwa ta kogi, sai ya nemi wannan tsoho. Ku riƙe sunan Charles Paul, zai dawo.

Inda bango ya tsage

Ba zan ce babu laifi a aikin Kwara ba, domin faɗin haka ƙarya ce, kuma ba a wanke ƙazafi da wata ƙaryar. Tashoshin mishan a warwatse suke daga Bonny a bakin teku har ƙasar Nufe. Kuɗi kaɗan ne. Ma'aikata da yawa karatunsu bai yi nisa ba, albashinsu bai kai ya kawo ba, wasu suka shiga fatauci a gefe, wasu suka faɗa cikin shaye-shaye da neman mata. Bishop yana zaune a Legas, kuma shekaru da dama sai ya jira jirgin 'yan kasuwa idan ruwa ya cika kafin ya zagaya, wani wurin sau ɗaya a shekara. Mafi muni, a 1877 wasu mutum biyu masu alaƙa da mishan a Anaca suka azabtar da wata yarinya har ta mutu. Sai a 1882 aka yi musu shari'a a Saliyo, maganar ta kai har majalisar dokokin Ingila. Wannan jini ne na gaske, kuma an daɗe ba a bi kadinsa ba. A ganina Crowther yana da jinkirin hukunci. Yana ba mutum dama ta biyu da ta uku a inda ya kamata a sallame shi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Venn ya rasu a 1873. A 1878 aka kawo jirgin mishan mai ɗauke da sunansa, amma aka damƙa jirgin da harkar kuɗi a hannun wani Bature, J. H. Ashcroft, wanda ba fasto ba ne. A 1880 Rabaran J. B. Wood ya zagaya tashoshin ya rubuta rahoto mai zafi, yawancinsa daga ji-ta-ji-ta, kuma waɗanda aka zarga ba su sami damar tsayawa gaban masu zarginsu ba. Daga nan salon ya kafu: a tattara magana a bakin kogi, a tura Landan, hukunci ya dawo a jirgi.

A daidai lokacin kogin kansa yana canja hannu. An yi taron Balin, inda ƙasashen Turai suka tsara yadda za su raba Afirka, a 1884 zuwa 1885, a 1886 kamfanin George Goldie ya sami takardar izinin mulki daga gwamnatin Ingila, aka matse 'yan kasuwa baƙar fata na Legas da Saliyo har suka bar Kwara. Baƙin mutum mai ilimi, mai kwat, mai magana da Turawa ido da ido, ya zama abin ƙi a kanti da ofis. Ba a daɗe ba ya zama abin ƙi a mishan. A nan ne laifin wasu ma'aikata ya rikiɗe ya zama wata magana dabam: wai ɗan Afirka ba zai iya riƙe ikilisiya ba. Babu wanda ya taɓa kama Crowther da cin kuɗi ko lalata. Ko masu sukarsa sun shaida tsarkin rayuwarsa. Abin da suka yi shi ne suka ɗauki haƙurinsa suka sa masa suna rauni, suka ce raunin na jinsinsa ne, suka yi wa ma'aikatansa kuɗin goro.

Samarin Lakwaja

Zai yi sauƙi a ce Brooke da abokinsa John Alfred Robinson miyagu ne, amma ba haka ba ne, kuma wannan ne ya sa lamarin ke ba ni tsoro. Samari ne masu ƙuna, waɗanda tarurrukan falkaswa na garin Keswick a Ingila suka cika da ƙishin tsarki. Burinsu ƙasar Hausa. Brooke ya gwada hanyoyi da dama na shiga ƙasashen Musulmi na tsakiyar Afirka kafin ya biyo ta Kwara. A 1890 suka sauka a Lakwaja, suka sa riga da wando da rawani irin namu, suka duƙufa koyon Hausa, suka kuma ce idan sun shiga ƙasar sarakunan Musulmi ba sa son kariyar gwamnatin Ingila, abin da ya sami sabon tuba ya same su. Wannan ƙarfin hali ne, ba na musu.

Amma da suka dubi ikilisiyar da suka tarar, ba su ga shekara 30 na wahala ba, sun ga zunubi kawai. Suka hana mutane da yawa cin Jibin Ubangiji. Makarantar horar da ma'aikata da aka gina a Lakwaja da gumi aka rufe ta, aka sayar wa kamfanin Goldie ginin. Babban fasto Henry Johnson, masanin harsuna wanda ya yi karatun Larabci, aka ɗauke shi daga yankin. Mutanen da suka binne mata da 'ya'ya a bakin kogin nan saboda bishara, yaron da bai shekara a ƙasar ba ya auna su ya ce ba su da Ruhu.

Na taɓa zama a taron dattawan wata ikilisiya inda aka karanta takardar ƙara a kan wani mai bishara na ƙauye. Mai karatun yana kuka da hawaye na gaske, yana cewa kishin gidan Allah ne ya sa shi. Mutumin da ake magana a kansa yana can gona, bai san ana zaman ba. Ban buɗe baki ba a ranar, kuma har yau abin yana damuna. Wanda ya tabbata Allah yake yi wa aiki ba ya jin bukatar ya tambayi wanda yake zargi, shi ya sa ƙazafin mai ibada ya fi na ɗan iska wuyar tsayarwa.

Abin da ya faru a zaman

A Anaca, sakataren mishan F. N. Eden ya gabatar da tuhume-tuhume a kan fastoci, ciki har da Charles Paul, mutumin nan da Etsu Nufe ya amince ya ba shi wasiƙa. Bishop ya nemi hujja. Matsayinsa tun shekarun baya bai canja ba: a kawo shaida, a ji ta bakin mutum, idan laifi ya tabbata a hore shi. Da Eden ya ce shi a matsayinsa na wakilin CMS yana da ikon dakatar da fasto daga aikinsa, tsohon ya ce a rubuta a littafin taro cewa Bishop Crowther ya yi mamakin wannan magana. A tsarin Angilikan, bishop ne ke naɗa fasto, shi ne kuma ke dakatar da shi. Dandeson ya goyi bayan mahaifinsa, Eden ya dakatar da shi nan take. Crowther ya sauka daga kwamitin.

A duba abin da ya tsaya a kai. Bai ce ku tuna ni ne na fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci ba, ko ni ne na rubuta nahawun Nufanci tun kafin a haifi wasunku. Bai kawo digirin girmamawa da jami'ar Oxford ta ba shi ba. Sunansa ya bar shi a hannun Allah, kamar yadda Bitrus ya faɗa game da Ubangijinmu, cewa da aka zage shi bai rama ba, sai ya miƙa al'amarinsa ga mai shari'ar gaskiya. Amma a kan ƙananan ma'aikata bai yi shiru ba. Bulus ya gaya wa Timoti kada ya karɓi ƙara a kan dattijon ikilisiya sai da shaidu biyu ko uku. Nikodimu ya tambayi majalisa ko shari'arsu takan hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba. A kan wannan tsohon ya kafe, shi kaɗai da ɗansa, a ɗakin da ya san ƙuri'a ba za ta zo wajensa ba, kuma ya san kowace kalmarsa za a kai Landan a matsayin ƙarin shaida cewa yana kare masu laifi.

Mu kan haɗa abubuwan nan biyu mu rikita su. Idan aka taɓa sunanmu, mu tashi da faɗa mu ce muna kare gaskiya. Idan aka taɓa na ƙasa da mu, mu naɗe hannu mu ce Kirista mai haƙuri ne. Crowther ya yi akasin haka, kuma ban ga yadda mutum zai iya ba sai in ya gaskata har cikin ransa cewa akwai wata kotu bayan ta Landan. Wanda bai gaskata haka ba dole ya ƙwaci sunansa yau, domin a wurinsa yau ce kaɗai ranar shari'a.

Akwai kuma abin da bai yi ba, alhali yana da iko. Legas ta ɗauki zafi. Jaridun baƙar fata suka yi ca, a 1891 wasu suka fice suka kafa ikilisiyarsu mai zaman kanta. Da Crowther ya ɗaga yatsa, da dubbai sun bi shi. Bai fita ba. Ya goyi bayan ikilisiyoyin Delta su riƙe kansu da kuɗinsu ba tare da CMS ba, amma a cikin ɗarikar Angilikan. Wasu masana tarihi na ganin ladabinsa ya yi yawa, cewa da ya buga tebur tun 1880 da ba a kai ga Anaca ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ban iya kore ta gaba ɗaya ba. Shekara goma yana karɓar ragin ikonsa kaɗan-kaɗan, yana zaton waɗanda suka 'yanta shi daga jirgin bayi ba za su yi masa zagon ƙasa ba. Amanar da ya ba su ta fi abin da suka cancanta. Sai dai ban yarda cewa tsoro ne ba. Mutumin da ya ƙi a fanshe shi daga hannun Abokko ba takardar sakatare ce za ta razana shi ba.

Bayan haka

A tsakiyar 1891 shanyewar jiki ta kama Crowther. Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891. Robinson ya riga shi, ya mutu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi su a watan Maris na 1892, shi ma a Lakwaja, bai kai shekara 30 ba, bai kuma taka Kano ba. A watan Afrilu na 1892 Dandeson ya ƙaddamar da ikilisiyar Delta mai riƙe kanta a Bonny. CMS ta ƙi a naɗa baƙar fata a gurbin Crowther. Aka kawo Bature, J. S. Hill, ya mutu a farkon 1894, aka naɗa Herbert Tugwell. 'Yan Afirka irin su Isaac Oluwole da Charles Phillips aka tsayar da su a matsayin mataimakan bishop. Sai a farkon shekarun 1950, bayan kimanin shekara 60, ɗan ƙasa ya sake riƙe dayosis, wato yankin da bishop ke mulki, na kansa a ɗarikar Angilikan a Nijeriya. Tsawon wannan lokaci, duk wanda ya tambayi dalili, sai a nuna masa Kwara a ce an gwada ba ta yi ba.

Mutum ɗaya daga cikin samarin ya dawo da baya. H. H. Dobinson ya zauna a Anaca, ya koyi harshen mutane, ya ga da idonsa nauyin da waɗancan ma'aikata suka ɗauka, ya gane an yi gaggawa an kuma yi zalunci. A 1896 ya tsaya a bainar jama'a a Legas da Saliyo ya nemi gafara. Ya mutu a shekarar da ta biyo. Ina ganin nasa ma ƙarfin hali ne mai wuya, domin ya tsaya gaban mutanen da ya raina ya ce ni ne na yi kuskure. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da keɓe Crowther, Babban Bishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya faɗa a wannan majami'ar da aka naɗa shi cewa an ci amanarsa, an yi masa zagon ƙasa, kuma Ikilisiyar Ingila tana neman gafara.

Mu masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ba 'yan kallo ba ne a wannan labari. Don tunawa da John Alfred Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila. Ita ta turo ɗan'uwansa Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a 1894, ya koma ya wallafa ƙamus na Hausa, ya koyar da harshen a jami'ar Kambirij. A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci ayari zuwa Kano, Sarki Alu ya sallame su. A cikin ayarin akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya, daga aikinsa Wusasa ta fito, kuma yana cikin waɗanda suka kammala fassarar da aka buga a 1932. Zaren da ya kawo mana Littafin ya ratsa ta hannun mutanen da suka karya zuciyar tsohon nan, kamar yadda ya ratsa ta hannun shi kansa, wanda ya fara shigowa Kwara tare da Schön a 1841, ya kuma yi shekaru yana zuwa gaisuwa fadar Bida tun zamanin Etsu Masaba don a bar masu bishara su zauna. A 1971 aka tone ƙasusuwansa daga maƙabartar Ajele, aka mayar da su harabar babbar majami'ar Angilikan da ke Marina a Legas, inda suke har yau.